Tayoyin da Aka Kawo wa Awudu

Shekaranjiya da safe na ɗaga labule na tarar motocin layinmu na Aston duk sun yi furfura. Sanyin bana ya iso ke nan. Safiya, 'yata ta fari, ta zo mana hutun ƙarshen mako, tana shirin komawa Manchester wurin aikinta. Ina jin ƙarar makullinta na bi ta waje da silifas, na durƙusa a kan titi ina latsa tayoyin motarta ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. Ta ce, "Mum, an canza su tun October, ke da kanki kika matsa." Na ce na sani, dubawa kawai nake yi. Kafin ta fita daga layin na kira sunanta har bakina ya gaji, Safiya a hankali, Safiya ki kira ni in kin isa. Da na koma ciki na rufe ƙofa sai kunya ta kama ni. Wata tsohuwar kunya ce, tun ta azumin da ya ƙare daf da ƙarewar shekarar dubu biyu nake ajiye da ita.

A shekarar ne na zo Manchester karatun digiri na biyu da tallafin gwamnati, goye da Safiya, lokacin tana koyon magana. Maigidana yana Zariya yana koyarwa, bai sami damar biyo mu ba. A masallaci aka haɗa ni da wata dattijuwa mai ɗakin haya a Longsight, Hajiya Memuna, wadda yara da manya ke kira Mma. 'Yar zangon Kumasi ce, amma in ka ce mata 'yar Ghana sai ta gyara zama ta ba ka labarin kakanta, bafataken goro daga Kano da ya je Gwanja ya manta hanyar dawowa. Mijinta ya rasu, 'yan matanta sun yi aure a wasu garuruwa. Ɗanta na fari kaɗai ke kusa da ita, Awudu, direban taksi, wanda aka zo da shi ƙasar yana ƙaramin yaro, har Turanci ya fi zama a bakinsa. Shi ya samo mini wata tsohuwar mota a wurin gwanjo, iri ɗaya da tasa, wai don in ta lalace ya san ta inda zai kama.

Azumin ya zo mana da gajerun ranaku. Ka yi sahur gari ya kusa wayewa, kafin ka fito daga laccar rana an fara kunna fitilun titi, ƙarfe huɗu bai yi ba an sha ruwa. Da na faɗa wa 'yan gida a waya suka ce ai wannan azumin 'yan gata ne. Ba su san yunwar sanyi ba. Ƙishi kam babu, amma ciki yakan yi kamar an rarake shi da ludayi, yatsu su ƙage, ka tsaya jiran bas a Stockport Road iska tana shiga ta ƙasan zani tana lalube ƙashi. Ruwan sama kuwa bai ɗauke ba tun kaka. Ba irin namu ba mai tsawa da ƙamshin ƙasa, wani yayyafi ne marar zuciya, yana zuba yau yana zuba gobe. Bangon ɗakina ya yi baƙin gansakuka a kusurwa, kayan Safiya in na wanke sai su kwana biyu a kan hitar ɗumama ɗaki suna warin danshi.

Ana haka alawus ɗinmu ya maƙale a gida, kamar yadda ya saba. Ban gaya wa kowa ba. Na koma shan ruwa da shayi da burodi a ɗakina, na rufe ƙofa don kada a ga abin da nake ci. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A rana ta uku ko ta huɗu Mma ta hauro saman da kanta, tana nishi a kan matakala, ta ce daga yau ba a shan ruwa a ɗaki a gidanta, wannan ba halin Musulmi ba ne. Ba ta tambaye ni dalili ba, ba ta kuma yi zancen haya ba har watan ya fita.

To tun daga nan na zama 'yar kicin. Da safe kafin in fita mu jiƙa wake, in na dawo mu surfe shi a roba da ruwan da ke sa hannu ya mutu, mu markaɗa, ta soya ƙosai ni kuma ina dama koko mai citta da kanumfari. Ranar Asabar da Lahadi ita ke dafa wa masallaci abin shan ruwa, sai mu fito da manyan tukwane, shinkafa da wake irin tasu mai ja, da wani baƙin yaji mai kifi da ke sa mutum hawaye yana ƙara ɗiba. Tagogin kicin su yi gumi, tururi ya cika ko'ina, nan ne kaɗai ɗaki mai ɗumi a gidan. Awudu ke zuwa ya kwashi tukwanen ya kai. A watan kullum da mu yake shan ruwa, domin matarsa Ramatu ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Lozells, can Birmingham. Auren zumunci ne, mahaifinta Kawu Issaka ƙanen Mma ne.

A wurin shan ruwan ne na fara jin nauyi. Mma za ta tsamo tsokar nama ta ɗora a kwanona, ta tura wa Awudu ƙashi ba tare da ta dube shi ba. Ba ta faɗin sunansa. Mai taksi take cewa, ko wancan, in kuma yana zaune a wurin sai ta yi magana da ni ko da bango. Ni ban ga baƙon abu ba a nan, domin uwata ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, kunyar ɗan fari ce. Na kuma lura ƙanzon tukunya, wanda shi ne abin da Awudu ya fi so, kullum sai ta kankare shi a wani kwano ta rufe, ta ce, "A ba wa duk mai so, ni zubarwa zan yi." Shi dai yakan yi dariya ya ce mini, "Sister Zulai, ke ce favourite, ni lodger ne, ɗan haya, a gidan nan." Ina dariya ina jin nauyin naman da ke kwanona.

A makon ƙarshe na azumi Ramatu ta haihu, namiji. Suna ya faɗo washegarin Sallah, kuma Mma ta ce abincin suna daga kicin ɗinta zai fito, ko da za a kai shi Makka ne. A daidai lokacin ruwan ya ɗauke. Sama ta washe, sanyi ya sauya hali, ya zama busasshe mai cizo. Da safe sai mun kankare gilashin mota da bakin kaset. Rediyo ya fara cewa dusar ƙanƙara na tafe bayan hutun Kirsimeti, masu tafiya su yi hattara.

A rumfar da ke ɗan filin baya akwai wasu tayoyi huɗu da aka jera aka lulluɓe da tsohon kafet. Kawu Issaka ya daɗe a Jamus kafin ya dawo Birmingham, da su ya taho, ya ba Awudu tun da Ramatu ta koma gida, saboda ya san zai yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu cikin sanyi. Tayoyin sanyi ne, kowace a kan nata rim na baƙin ƙarfe, ba sai an je wurin mai faci ba, jak da sifana sun isa. A lokacin ba wanda na sani a Ingila yake sa irinsu. Awudu ya ajiye su ne yana cewa munana ne, kuma Manchester ai ruwa kawai ake yi. Amma ranar azumin ƙarshe, bayan azahar, sai ga shi ya zo yana gangaro su ta cikin gida zuwa titi.

Mma ta fito bakin kicin riƙe da muciya. Ni ta kalla ta ce, "Zulai, gaya wa mai taksi, ƙafafun nan motarki za a sa wa."

Na ce, "Mma, ai nasa ne. Shi Kawu ya kawo wa."

"Na ji. Shi direba ne, ya san hanya. Ke amanar mutane ce, ga yarinya. In wani abu ya same ki a hannuna, da wane ido zan kalli mijinki?"

Na ce to ni sai in zauna a gida, su tafi su biyu a motarsa, a isar mini da barka. Ta ce tukwane kaɗai za su cika motarsa har kujerar gaba, kuma ko da akwai wuri, ita ba za ta sauko daga motarsa a ƙofar gidan suna ba kamar wata mai zumuɗin jika. A tawa za ta shiga. Sai na kawo shawarar da na ga ita ce adalci, wadda da ita muke raba komai tun muna yara. Na ce a raba, biyu nasa biyu nawa.

Awudu ya yi dariya. "Ba naman Sallah ba ne, Sister. Kawu ya ce all four or nothing. In kin sa biyu a gaba, gaba zai riƙe, baya kuma ya juyo ya gaishe ki. Gara ma babu."

Na ƙi, na sake ƙi, har da rantsuwa. Mma ta ce, "Uwa ta yi magana, 'ya tana ja?" Ta juya ta koma kicin. Ban san yadda ake musu da matar da na yi wata guda ina cin tuwonta kyauta ba. Na dubi Awudu ko zai ce wani abu, na ga ya riga ya gangara da taya ta farko gindin motata.

Na tsaya a kansa ina riƙe masa notocin taya a cikin gyalena, don in ce dai na yi wani abu. Ya shimfiɗa kwali ya durƙusa, yana azumi, numfashinsa na fita kamar hayaƙi, yatsunsa sun yi fari. Ya ce in sa farce in danna tsohuwar tayata. Na danna, ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Ya ce in danna ta Kawu. Ita kuwa da laushinta, duk da sanyin, kuma zanenta mai zurfi ne, an tsattsaga shi da ƙananan tsagu kamar na bille. Ya ce robar ce daban, sanyi ba ya ƙagar da ita, tsagun kuma su ke cizon ƙanƙara. Yana bayanin yana ɗaure noti, ba ya kallona.

Can ya ce, "Kin san ban taɓa jin sunana a bakinta ba? Tun da aka haife ni."

Na ce, "Kunya ce, Awudu. A wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa."

"Na sani, an sha gaya mini. Culture." Ya taka sifana da ƙafa har notin ya yi ƙara. "Amma a school, uwar kowa tana tsaye a gate tana kiran sunan ɗanta. Ni sai dai in ji, kai, zo mu tafi. Na daɗe ina tsammani ta manta ne."

Ya faɗa da dariya, ni ma na taya shi. Ya gama taya ta huɗu ana kiran magariba. Ya jera tsofaffin tayoyina a rumfa, ya wanke hannu, muka sha ruwan ƙarshe. A daren ma ƙashi aka tura masa.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi ba mu zauna ba. Yanka albasa, gyaran kaji, suyar nama, miyar tumatir tukunya guda da mutum biyu ke kamawa. Washegari na farka na ji garin ya yi shiru, irin shirun da ban taɓa ji a Longsight ba, ko ƙarar bas babu. Na buɗe taga na ga duniya ta zama fara fat, rufin gidaje, kwandunan shara, har igiyar shanya ta ɗauki nata. Wannan ne ganina na farko da dusar ƙanƙara. Safiya ta damƙi wata ta kai baki, ta yi kuka, ta sake damƙa. Na ce wa Mma anya kuwa za a tafi? Ta ce suna ba ya jiran yanayi.

Awudu na gaba da tukwane, mu muna binsa. Mma na kujerar gaba kusa da ni da carbinta, Safiya na baya a ɗaure cikin bargo. Ni a Zariya na koyi tuƙi, inda matsalar hanya ba ta wuce rami da akuya da ɗan acaɓa ba, saboda haka na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu. Amma motar ta zauna daram. In na juya ta juya, in na taka birki ta saurara. An watsa wa babbar hanya gishiri, dusar ta zama caɓi mai launin toka, motoci na tafiya kamar masu rakiyar gawa, nan da can ka ga wata ta karkace a gefen hanya mai ita na tsaye yana busa hannu. Motar Awudu kuwa ina ganin bayanta yana ɗan kaɗawa, ya gyara, ya sake kaɗawa. Gwani ne, shi ya sa muka yi nisa haka.

Mma ba ta kalli gaba ba, a ganin mai kallo. Fuskarta na wajen tagar gefe, tana mini zancen tumakin Turawa da ke tsaye cikin ƙanƙara, wai ko su ba su da masu su ne. Amma duk lokacin da jar fitilar birkinsa ta kama, sai in ji ƙarar carbin ta tsaya, sai ta mutu sannan ya ci gaba.

Mun iso Birmingham rana ta ɗan karkata. Muka sauka daga babbar hanya muka shiga ƙananan layukan da ke tsakanin Aston da Lozells, inda motar gishiri ba ta bi ba. Motocin safe sun danne dusar, sanyi ya goge ta, tana sheƙi. Saura layi kaɗan mu isa, har na fara sakin kafaɗa, muka zo wata gangara da ke sauka kan mararraba. Ba wata babbar gangara ba ce, a Zariya ko suna ba za a sa mata ba. Na ga fitilar birkinsa ta kama. Na ga tayoyinsa sun daina juyawa, motar kuma ba ta daina tafiya ba. A hankali ta juya ta ba mu gefe, har na hango fuskarsa ta gilashi, yana murza sitiyari. Ta ƙara gudu, ta tsallake mararrabar a karkace, ɓangaren direba ya daki ƙugun wata babbar motar kaya da aka ajiye a can ƙasa.

Na taka birki da duk ƙarfina, abin da aka ce kada a yi. Motar ta ɗan gurza ta tsaya cak a tsakiyar gangarar, a kan ƙanƙarar da ta kwashe shi yanzun nan.

Sai a lokacin na ji zafi a hannuna na hagu. Mma ce ta riƙe mini wuyan hannu. Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba, ko numfashinta ban ji ba, riƙo dai take yi kamar za ta karya ƙashin. Muka ɗan jima a haka. Sannan ta sake ni, ta gyara mayafinta, ta ce da muryarta ta kullum, "Je ki duba ko tukwanen sun zube."

Na sauka da gudu ina zamewa. Abin da na fara gani ja ne malale a kan farar ƙanƙara, na ɗauka jini ne, sai ƙamshi ya gaya mini miya ce. Awudu na zaune a mazauninsa, ƙofa ta lotsa ta danne masa ƙafar dama, fuskarsa ta yi toka. Idonsa biyu. Ya ce, "Kada ki bari ta fito, akwai santsi." Wani mai shago ya kira motar asibiti, 'yan kwana-kwana suka zo da abin yanka ƙarfe. Kafin su gama labari ya isa gidan suna, sai ga maza cikin manyan riguna da huluna suna tahowa, suna dafa bango don kada su faɗi.

Kawu Issaka na cikinsu, dogon dattijo mai farin gemu. Ya je ya yi magana da surukin nasa, ya dafa kansa. Da aka ɗaga Awudu aka sa a mota, na ga Kawu ya sunkuya ya kalli tayoyin motar da ta lotse. Ya miƙe ya hauro gangarar a hankali zuwa inda tawa take. Ya tsaya a kan baƙin rim ɗin da ya ɗauko tun daga Jamus, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya ce mini, "Sannu Malama. Kun zo lafiya?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode mata. Mma ta sauke gilashi ta gaishe da ƙanenta, ta tambaye shi mai jego da kwanan jariri.

An raɗa suna da yamma ba uban yaro. Aka sayo abinci a wani shago aka haɗa da abin da ya tsira. Na zauna a kusurwar ɗakin mata da faranti a cinya. Wata guda ina mafarkin cin abinci da rana, ga shi a gabana na kasa taɓa shi. Ba wadda ta ce mini komai. Sai dai in wata ta shigo, in ji an rage murya an ce, ita ce baƙuwar. Ramatu da kanta, idonta a kumbure, ta miƙo mini jaririn ta ce in sa masa albarka. Mma na tsakiyar ɗaki tana karɓar barka da jaje a tare, tana cewa ai abin ya zo da sauƙi, Allah ya tsare yarinyar mutane da 'yarta.

Na sha juya abin a raina. Ban roƙa ba, ban ɗauka ba, na ma ƙi. Da laifi ne da na nemi gafara an yafe mini na huta. Wannan kunyar kuwa ba ta da inda ake kai ta. An fifita ni a kan ɗan gida saboda ni baƙuwa ce, shi kuma na ciki ne, kuma na fi kowa a wurin sanin cewa girman abin da aka ba ni shi ne girman son da ake yi masa. An sa wa ƙafar Awudu ƙarfe. Bai ƙara tuƙa taksi ba, ya koma zama a ofishinsu yana amsa waya yana tura direbobi. Har yau in yana tafiya kafaɗarsa ɗaya tana riga ɗaya sauka.

Mun kwana biyu a gidan Kawu. Ranar da za mu koma Manchester Mma ta karɓi kicin ɗin matarsa, ta dafa shinkafa da wake, ta zuba a kula. Ta ce in kai ta asibiti za ta duba wata 'yar garinsu da aka kwantar. Ba mu nemi kowace 'yar gari ba. Muna isa ƙofar ɗakin da yake ta zauna a kan bencin waje, ta karɓi Safiya ta ɗora a cinya, ta miƙo mini kular ta ce, "Ki ba wa duk wanda kika ga yana jin yunwa."

Awudu na kwance, ƙafar a rataye. Ya rame cikin kwana biyun nan. Na gaishe shi ban iya haɗa ido da shi ba, na buɗe kular na zuba masa. Ya ci kaɗan ya ajiye cokali.

"Ta zo?"

"Tana waje."

"Waje." Ya kalli silin. "Lokacin da abin ya faru, kina kusa da ita. What did she say? Ki gaya mini gaskiya, Sister."

Na yi niyyar yin ƙarya. Na ma shirya ta, zan ce ta kira sunansa. Amma na san ba zai yarda ba, kuma ƙarya ce da za ta ci mutuncin tsohuwar. Na ce, "Cewa ta yi in duba tukwane."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi canjin da ya san za a ba shi. Sai na ja hannun rigata sama kaɗan na miƙa masa wuyan hannuna. Shatin yatsunta na nan, huɗu a sama ɗaya a ƙasa, sun yi baƙi sun fara komawa kore, ga wurin da farce ya shiga ya yi ɓawo. Na ce, "Wannan kafin ta yi maganar tukwane ne."

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa, ya fasa. Ya ce, "Tsohuwar nan tana da ƙarfi." Ya juya fuska wajen bango. Na tsaya ina gyara murfin kula da ba ya bukatar gyara.

Har na kai ƙofa ya ce, bai juyo ba, "Tyres ɗin fa? Sun riƙe?"

Na ce, "Sun riƙe."

"Good," in ji shi. "Ki bar su a kai har sanyi ya wuce."

A waje Mma na wasa da yatsun Safiya. Ta karɓi kular, ta ɗan jijjiga ta a hannu don ta ji nauyin abin da ya rage, ba ta tambaye ni komai ba. Ta miƙe da ƙyar, ta kalli ƙofar ɗakin sau ɗaya, ta ce, "Mu tafi tun hanya ba ta daskare ba. Ki tuƙa a hankali, kina da yarinya."

A wurin mota na buɗe mata ƙofar gaba ta shiga. Na mayar da ita gida a kan tayoyin ɗanta, kuma ko sau ɗaya motar ba ta zame ba.